Kyaftin ɗin Yini Ɗaya

Akwai wani mutum mai suna Orval Brandmeyer a wani ƙaramin gari a jihar Illinois, garin da layin dogo ya raba gida biyu. Ɗan kwana-kwana ne, kuma na gaske. Kusan shekara talatin ya yi yana kutsawa cikin wuta yana fito da mutane. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya ce na zo ɓata masa suna.

Gidansa a ƙetaren dogo yake, unguwar masu ƙaramin ƙarfi. Can ma akwai 'yar tashar kwana-kwana mai mota ɗaya, kusa da gidan ƙwarai, har matarsa Darlene takan leƙa ta taga ta ga wanda ke wanke motar.

Saboda jiragen kaya aka gina tashar. In jirgin masara ya shigo gari sai ya tare hanya, ya yi ta jan jiki, wani lokaci ma ya tsaya cak. Babbar tashar kuwa tana cikin gari, a ɗaya ɓangaren.

To, 'yan kwana-kwanan garin suna da wata al'ada. Fanshon mutum da albashin muƙamin da yake riƙe da shi ranar da ya bar aiki ake lissafa shi. Saboda haka duk wanda zai yi ritaya, da safe sai a ƙara masa girma zuwa Kyaftin, a ɗora masa farar hular kwano, a soya fanke a ci a sha gahawa. Da yamma ya ajiye aiki. Kyaftin ne na yini ɗaya, amma fanshon Kyaftin zai ci har ƙarshen ransa.

Ba wanda ya taɓa kiran abin sata. Karramawa ake ce masa.

Da lokacin Orval ya matso, abokin aikinsa Duane ya dafa masa kafaɗa yana dariya.

"Mutumina, an auna kanka kuwa? Kar a kawo hula ta ƙi shiga, don na ga kan nan ya fara kumbura tun yanzu."

"Kai dai bari," in ji Orval. "Taka ma tana tafe."

A gida ne kawai aka sami mai ja. Darlene tana yanka albasa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Maigida, wai wa zai biya wannan karramawar?"

"Gari mana."

"Wane ne gari?"

Orval ya tsuke fuska. "Darlene, huhuna cike yake da hayaƙin mutanen garin nan. Kowa ya karɓa, sai ni za a ce in bari?"

"Ban ce ba ka wahala ba. Tambaya na yi."

Ranar ta zo, ya sa farar hula, aka tafa, aka ɗauki hoto. Daga nan hular ta koma kan kujerar gaba ta akori-kurarsa, inda duk wanda ya leƙa zai gan ta. Har mai sayar da mai ya koma ce masa Kyaftin, shi kuma yana amsawa da wata irin ƙasaita.

Shekaru suka tura. Masu farar hula suka yi ta ƙaruwa, masu biyan haraji suka yi ta raguwa. Masana'antar ƙusa da ke garin ta rufe. Duk shekara sai majalisar gari ta ƙara harajin gidaje da na shaguna don ta cike giɓin fansho, duk ƙarin da aka yi kuma sai wani ya ɗaure kayansa ya bar garin.

Da abin ya kai maƙura, aka kira taron kasafin kuɗi a zauren makaranta. Zaɓi biyu ne a gaban majalisa: ko a daina al'adar farar hula a zauna da masu fansho a sasanta, ko a rufe 'yar tashar ƙetaren dogo.

Tsofaffin Kyaftin-Kyaftin suka cika layin gaba, kowa da hularsa a cinya.

Wata mata ta miƙe daga baya. Noreen Kubiak ce, mai gidan burodin da ke bakin dogo, inda Orval yake sayen burodi tun yana saurayi. Garin fulawa ma bai gama fita daga hannunta ba.

"Ni ban iya magana ba," in ji ta. "Amma bara na sallami ma'aikaciya ɗaya, bana na sallami ta biyu. Ba don burodi ya ƙi sayuwa ba. Haraji ne. In na ƙara kuɗin burodi, mutane su tsallaka jihar Indiana da ke maƙwabtaka da mu su saya. Ni ba wanda zai ba ni fansho. Ina roƙo a bar mana tashar nan, a daina abin yini ɗayan nan."

Orval ya miƙe ba tare da an ba shi dama ba.

"Baiwar Allah, lokacin da murhunki ya kama da wuta, wa ya shiga? Ke kika shiga?"

"Kai ne, Orval. Ban manta ba."

"To ki koma ki ci gaba da murza fulawarki. Alkawari aka yi mana, kuma ko sisi ba za mu rage ba. Babbar tasha ta ishi garin nan. Ni na san aikin, ba ke ba."

Layin gaba ya kaure da tafi. Idon Noreen ya kawo ruwa. Ta ce, "Ban ce ba ku cancanta ba. Cewa na yi ba mu da shi." Ta zauna.

'Yan majalisa suka dubi fararen hulunan nan, suka tuna zaɓe na tafe. Aka rufe tashar ƙetaren dogo, aka sayar da motarta. Kafin a girbe masara, Noreen ta rufe shago ta koma Indiana wurin 'yarta.

Darlene kuwa ta daina leƙa tagar nan.

Wata Lahadi da rana, Orval ya shiga gari sayen burodi, tunda unguwarsu babu mai gasawa kuma. Darlene ba ta je coci ba ranar, gwiwa ta hana ta, tana kwance a sama.

Yana kan hanyar dawowa ya ji jiniya a bayansa. Motar kwana-kwana ta wuce shi a guje, Duane ne a sitiyari. Orval ya bi ta, don tsohon ɗan kwana-kwana ba ya jin jiniya ya zauna. Suna isa bakin dogo suka tarar an sauke sandar tare hanya. Jirgin masara ne, ba a ganin kansa ba a ganin wutsiyarsa, yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa.

Sannan ya tsaya.

Orval ya fito. Ta tsakanin taragu ya hango hayaƙi baƙi ƙirin. Ya san rufin. Shi ya buga shi da hannunsa.

"Darlene!"

Ya yunƙura zai shige ta ƙarƙashin tarago, Duane ya riƙe shi da ƙarfi, don jirgin na iya motsawa a kowane lokaci. Ga mota, ga ruwa, ga mazaje a shirye, amma babu hanya. Ta wancan giɓin dai, kusa da hayaƙin, yana iya ganin ƙofar 'yar tashar da aka rufe, ciyawa ta fito a gabanta.

"Kyaftin," in ji Duane, "me za mu yi?"

Orval ya dube shi, hawaye na bin fuskarsa.

"Don Allah kada ka ƙara kirana da sunan nan."

Kafin jirgin ya gusa, rufin ya rufta.

Allah ya taimaka, maƙwabta ne suka sauko da Darlene ta taga da tsanin gyaran rufi. Mutanen da ya ce babbar tasha ta ishe su, su ne suka tsaya da bokiti da tiyon ban ruwan furanni har hannuwansu suka ƙone. Ta rayu. Gidan dai da duk abin da ke cikinsa ya tafi. Abin da ya rage wa Orval a duniya shi ne motarsa, da burodi, da farar hula.

Washegari wata mota mai lambar Indiana ta tsaya a gidan maƙwabcin da ya ba su ɗaki. Noreen ce, ɗauke da kwandon burodi mai zafi da bargo. Orval ya kasa haɗa ido da ita.

"Noreen, ni kika kawo wa?"

"Kai ka shiga wuta domina," in ji ta. "Na ce maka ban manta ba. Karɓi, kafin ya huce."

A taron majalisa na gaba, Orval ya shigo cikin rigar aro. Bai zauna a layin gaba ba. Ya wuce kai tsaye ya ajiye farar hular a kan teburi.

"Yini ɗaya na sa ta," in ji shi. "Ta cinye shagon Noreen, ta cinye tasharmu, ta cinye gidana, saura kaɗan ta haɗa da matata. Matata ta taɓa tambayata wane ne gari. Yanzu na sani. Su ne masu bokiti. A mayar da ni muƙamina na gaskiya."

Ba wanda ya tafa. Wasu daga cikin tsofaffin abokansa ba su ƙara gaishe shi ba har yau. Amma da ranar Duane ta zo, an soya fanke, an sha gahawa, ya bar aiki da baƙar hularsa ta kullum, shi ya nemi haka.

Tashar ƙetaren dogo har yanzu a rufe take, don ramin fanshon da aka daɗe ana haƙawa bai cika ba tukuna. Kullum da safe za ka ga Orval a gabanta yana cire ciyawa, yana jiran ranar da za a buɗe.

Darasi: Gwamnati ba ta da wani aljihu sai na maƙwabcinka. Haƙƙinka halal ne, ka karɓa da kai a sama, amma abin da aka ƙara maka ta bayan fage daga wani wuri aka yanko shi, kuma ba ka san ko ƙofar da za a rufe don a biya ka ita ce za ka buƙata gobe ba. Kafin ka ce "ai kowa ma yana yi", ka tambayi kanka wa zai biya. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu cewa kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne.