Irin Da Nomau Ya Shanya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da ake zuwa kurmi da jakuna. Sunansa Anaruwa. Ba attajiri ba ne, ba malami ba. Jakunan fatake yake kora, a je a ɗauko goro a dawo. Ku saurara, har kai da ka jingina da ginshiƙi kana gyangyaɗi, don labarin nan ba na dariya ba ne.

Can kurmi akwai wani mutumin garinsu, Malam Ilu, wanda ya tafi tun yana saurayi, zama ya riƙe shi, bai sake ganin gida ba. A bayan ɗakinsa akwai bishiyar mangwaro, irin marar zaren nan, wanda ba a san shi a arewa ba a lokacin. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, sai ya sa aka kira masa Anaruwa.

Ya ce, “Ɗan'uwa, ni dai ba zan koma ba. Ban haƙa wa garinmu rijiya ba, ban gina masallaci ba. Ka kai wa ƙanena Nomau irin bishiyar nan ya shuka, ko wani ya sha inuwa ya yi mini addu'a.”

Aka wanke ƙwallayen mangwaron, aka turbuɗa su cikin garin gawayi mai ɗan danshi, aka naɗe da ganyen da ake naɗe goro, aka sa a kwando. Malam Ilu ya ce, “Kada su bushe, kada kuma su jiƙe sharkaf. Kada rana ta gan su. Wannan iri ba gero ba ne, in ya bushe ya mutu.” Anaruwa ya ce, “Na karɓa.” Kafin ayari ya tashi Malam Ilu ya cika.

Jama'a, hanya ce mai nisa, kuma rani ne. Akwai inda ake wuni ba a ga rijiya ba. Ruwan gorarsa Anaruwa yake rabawa, ya kurɓa kaɗan, ya yayyafa wa kwandon sauran. In an yada zango, kwando ne a inuwa, shi a rana. Abokan tafiya suka mai da shi abin dariya. “Goro ake yayyafa wa ruwa don yana da kasuwa. Kai kuwa ƙwallon da yara ke yarwa kake shayarwa.” Sai ya ce, “Amana ce.” Iyakar maganarsa ke nan, amana ce.

Ya iso gida leɓe a tsage, ya zarce wurin Nomau. To, kada ku ɗauka Nomau mugu ne. Manomi ne na kirki, mai sallah, mai son ɗan'uwansa. Da ya ji rasuwar ya yi kuka. Amma da ya buɗe kwando ya ji warin danshi, ya ga baƙin gawayi, sai ransa ya ɓaci.

Anaruwa ya ce, “Maigida, Malam ya ce a shuka su da danshinsu, a riƙa ba su ruwa.”

Nomau ya ce, “Da rani? Wa ke shuka da rani? Tun kakanni iri shanya shi ake yi, a zuba masa toka, a ajiye a rumbu sai ruwa ya sauka. Ka jiƙa wa mamaci amanarsa, ka zo kana koya mini noma.”

Anaruwa ya sake faɗa, ya roƙa, ya haɗa shi da Allah. Ina. Nomau ya shimfiɗa tabarma a tsakar rana ya baza su. Ɗaya da ta riga ta fasa ta fito da saiwa, ya ce ta ruɓe, ya wurga ta juji. Anaruwa bai ɗauka ba sai da ya tambaya, “In ɗauki waccan?” Nomau ya ce, “Ɗauka, ladan ɓarnarka ke nan.”

Damina ta zo, Nomau ya shuka. Gero ya tsiro, dawa ta tsiro, mangwaro shiru. Ya tona, ya tarar cikin ya ƙanƙance ya yi baƙi. Baƙin ciki ya sa ya shiga gari yana cewa Anaruwa ne ya ruɓar da irin yayansa. Magana ta bi gari, har fatake suka daina ba Anaruwa kaya. Matarsa ta ce, “Ka fito ka faɗa wa mutane shi ya kashe su da rana mana.” Ya ce, “Mutumin da ya rasa ɗan'uwansa, in ce masa shi ya kashe abin da ya bar masa? Bar shi. Allah ya san abin da na ɗauko.”

Waccan guda ɗayar kuwa, tun ranar Anaruwa ya shuka ta a gefen rijiyar bayan gari, ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce, “Ta Malam Ilu ce.” Bai taɓa cewa tasa ba.

Ga inda zuciyata ke ƙuna. Ta gefen rijiyar nan hanyar gonar Nomau ta bi. Tun ranar da ya ga ganyen nan ya gane gaskiya, ya gane sarai. Kullum sai ya tarar da Anaruwa da guga a hannu, su gaisa, maganar ta zo masa har baki, ya haɗiye. Gobe. In an gama girbi. Bayan sallah. Bishiya tana tsawo, maganar tana ƙara nauyi.

Anaruwa ya rasu bai ga ko furenta ba.

Shekarar da bishiyar ta fara 'ya'ya, sai ga matar Anaruwa da ƙwaryar mangwaro a ƙofar gidan Nomau. Ta durƙusa ta ce, “Marigayi ya bar wasiyya. Ya ce na fari naka ne, don bishiyar yayanka ce.” Nomau ya riƙe ƙwaryar. Ya ce, “Bai ce komai a kaina ba?” Ta ce, “Bai ce ba.” Tsoho ya zauna a ƙasa ya yi ta kuka. An ce daga baya ya cika bakin rafi da mangwaron nan, amma shi bai taɓa iya kai shi baki ba.

To jama'a, darasi a fili yake. Wanda aka ba amana ya riƙe ta irin riƙon Anaruwa, ko da za a biya shi da zagi. Wanda aka kawo wa magana ya saurara, don abin da ka saba ba shi ne iyakar sani ba. Mafi girma kuma, in ka gane kai ne mai laifi, ka je ka ce a yafe maka tun mutumin yana jin magana. Na san a sahun nan akwai wanda wani suna ya faɗo masa a rai yanzu, wa ko ƙane, maƙwabci ko matar gida. Kada ka ce gobe, Nomau ma gobe ya ce. In mun shafa addu'a, ka bi ta ƙofar gidansa kafin ka isa naka. Allah ya sa ka tarar da shi da rai.