Taraktar Janbolat da Shanun Maƙwabci

Akwai wata mata a ƙauyenmu na arewacin Kazakistan, sunanta Kulyash. Mace ce mai tsafta har ta wuce misali. In ka ajiye kofin shayi a gidanta, kafin ka sake miƙa hannu ta wanke shi ta kife.

Mijinta Janbolat ya rasu bayan narkewar ƙanƙara, Allah ya ji ƙansa. Ya bar mata gida, da garken tumaki, da tsohuwar shuɗiyar tarakta. Tuƙi ba baƙonta ba ne, don ita ke yankan ciyawa da ita duk shekara. Amma tayar da ita da safiyar hunturu, wannan aikin Janbolat ne, kuma ba ta taɓa yi masa gardama ba.

A bayan gidan akwai wani dogon ɗaki na katako da aka raba biyu. Gefe ɗaya tarakta ke kwana. Ɗaya gefen kuwa shanun maƙwabcinsu Orazbek ne ke ciki, tun shekarar da dusar ƙanƙara ta karya masa rufin garkensa. Janbolat ya ce ya kawo su kafin ya gyara. Shekaru suka yi ta wucewa, gyara bai zo ba.

Wannan abu ya daɗe yana ci wa Kulyash rai. Ga warin kashin shanu, ga Orazbek yana ratsa mata tsakar gida da takalmansa duk asuba, ga ruwa da ke ɗiga daga rufin ɗakin yana sa wa tarakta tsatsa. A ganinta, mutumin ya samu mai sanyin hali ne ya hau kansa.

Don haka da sanyi ya fara leƙowa, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Yaya Orazbek, mai ɗakin ya tafi. Ni kuma ba ni da irin haƙurinsa. Bana ka nema wa shanunka wuri."

Orazbek ya tsaya da bokiti a hannu, ya ce, "To, matar ƙanena. Ɗakinki ne. Allah ya saka da abin da ya wuce."

Ya haɗa 'yar rumfa da tsoffin kwanon rufi da dammunan ciyawa, ya kwashe shanunsa. Kulyash ta share ɗakin tas, ta shafe shi da farar ƙasa, ta tsaya tana kallo da jin daɗi.

Sai hunturu ya sauka da gaske, irin wanda gashin ido ke mannewa da juna in ka fita. Ciyawar da ke gida ta kusa ƙarewa. Sauran tana can daji inda aka tara ta tun rani, kuma babu abin da zai ratsa wannan dusar ƙanƙara ya ɗauko ta sai tarakta. Tumakin kuwa yawancinsu na da ciki.

Kulyash ta hau, ta murɗa makulli. Injin ya yi wani nishi kamar tsohon da aka tasa daga barci, ya yi shiru.

Ba ta damu ba. Ta cire batir, ta kai shi ɗaki kusa da murhu, ta lulluɓe shi da tsohuwar rigar sanyi. Washegari ta mayar. Injin ya juya, ya juya, ya ƙi kamawa.

Ta duba man dizal ɗin, ta ga ya yi kauri kamar man shanu. Ta juye shi, ta zuba na hunturu, ta ƙara kananzir. Ta dafa ruwa a tukunyar wanki, ta yi ta safara tana ɗura wa lagireto. Kafin ta kawo bokiti na gaba, na farko ya huce. Har garwashi ta zuba a tsohon faranti ta tura ƙarƙashin injin, amma da ta ga tartsatsi ya faɗa kan katako, sai ta ja shi waje da sauri.

Abin da ya fi damunta ba wahalar ba ce. Mamaki ne. Ba ta taɓa ganin Janbolat yana wannan hidima ba. Shi dai ya sha shayinsa, ya ja hula, ya fita, kafin ta kwashe kofuna sai ta ji injin yana kaɗa tagogi.

To me yake yi wanda ita ba ta yi?

Ta bi jikin taraktar da hannu ko akwai wani maɓalli da ya ɓoye. Ta zazzage akwatin kayan aikinsa, ba ta ga komai ba sai sifana da tsumma. Har irin tsayuwarsa ta gwada, ta daki murfin injin sau biyu kamar yadda yake yi, ta yi bisimilla da ƙarfi. Daga nan sai ta ji kunyar kanta, ta waiga ko wani ya gan ta.

Tumaki suka fara kuka tun safe har yamma. Ta rage musu rabo, ta sake ragewa. Wata safiya ta tarar da tunkiya guda a kwance, ta ƙi tashi.

Ranar ce madarar shayinta ta ƙare, ta ɗauki kwalba ta nufi gidan Orazbek. Matarsa Rauza tana cikin rumfa tana tatsa.

"Shigo mana, Kulyash! Ko sai mun shafa farar ƙasa tukuna?"

"Ke dai bakinki ba ya daskarewa," in ji Kulyash, ta sunkuya ta shiga.

Rumfar duk kafofi ce, iska na shigowa ta ko'ina. Shanun sun takure wuri guda, wani ɗan maraƙi kuma sanyi ya cinye masa bakin kunnuwa. Kulyash ta kawar da kai. Amma tana tsaye tsakanin shanun sai ta ji ruwa na bin kumatunta. Ƙanƙarar da ta kama gyalenta ce ke narkewa. Ta dubi bokitin ruwan da ke gefen Rauza, ta tsoma yatsa.

"Wannan ruwan, yaushe kika ɗebo shi?"

"Tun jiya. Me ya faru? Shi ma bai wanku ba?"

"Kuma bai daskare ba?"

"A tsakiyar shanu? Ke kuwa kamar ba 'yar ƙauye ba."

Kulyash ta ajiye kwalbar ta fita ba madara, Rauza na ƙwala mata kira.

Kowa a garin nan ya san ɗakin shanu da ɗumi, ita ma ta sani tun tana yarinya. Abin da ba ta taɓa yi ba shi ne haɗa wannan da tarakta. Ta shiga ɗakin katakon, ta tsaya gaban bangon da ya raba shi, ta ƙura masa ido kamar yau ta fara ganinsa.

Akwai wani wawakeken giɓi a bangon, daidai inda hancin taraktar ke tsayawa. Shekara da shekaru tana yi wa Janbolat mita ya toshe shi, yana cewa sai gobe. Ta shafa gefen katakon. Ba ruɓewa ya yi ba. Yankan zarto ne, a miƙe, an ma goge bakinsa don kada ya ji wa saniya ciwo.

Ta zauna a kan tayar tarakta. Ashe ruwan nan da ke ɗiga daga rufi numfashin shanu ne. Ashe duk hunturu dabbobin Orazbek ne ke hura wa injin ɗumi har gari ya waye. Ta yi dariya ita kaɗai, sai dariyar ta koma kuka, don ta yi kewar Janbolat ƙwarai.

Komawa gidan Orazbek ya yi mata nauyi, amma kukan tumaki ya fi nauyi. Ta soya fanke, ta ɗaure a tsumma, ta same shi yana saran itace.

"Yaya, na zo roƙo. Ka dawo da shanunka."

Bai ɗago ba. "Sun saba da inda suke. Kada su ɓata miki farar ƙasa."

"Ba don kai ba ne, don ni ne. Tarakta ta ƙi tashi. Shanunka ne ke tayar da ita."

Ya ajiye gatari. "Shanuna? Makanikai ne su?"

Ta ja shi har ɗakin, ta nuna masa giɓin da yankan zarton. Orazbek ya daɗe yana kallo, yana shafa gemu.

"Kai, Janbolat! Kai, mutumin nan!" Ya juyo ya dube ta. "Kin san shekara nawa ina ratsa gidan nan kaina a ƙasa? Na ɗauka sadaka yake mini. Ko gaisuwa in zan yi masa sai na ji nauyi."

"To, ashe haya kake biya ba ka sani ba."

Rauza da ta biyo su ta riƙe ƙugu. "Ni tambayata, tausayi ne ya sa shi, ko wayo?"

"Shanun ya fara karɓa," in ji Orazbek. "Na tuna, sai da shekara ta zagayo na ga ramin nan. Na ma ɗauka saniyata ce ta fasa, na yi shiru don kada a ce in biya."

Kafin la'asar shanu suka dawo, suka ɓata farar ƙasar nan a zama ɗaya. Kulyash ta toshe kafofin ƙofa da ciyawa da hannunta.

Washegari injin ya juya da ɗan ƙarfi, amma bai kama ba. Ƙarfen da ya daɗe a daskare ba ya hucewa da wuri. Ranar tunkiyar nan ta mutu da cikinta. Kulyash ta ja ta bayan gida, ba ta ɗora wa kowa laifi ba, don ta san inda laifin yake.

Kashegari da hantsi ta sake hawa. Ruwa ya ɗigo daga rufi ya faɗo mata a goshi, ba ta goge ba. Ta murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya tofar da farin hayaƙi, ya sake tari, sai ya kama da ruri har shanu suka zabura.

"Ya tashi! Wallahi ya tashi!" Rauza ta kurma ihu.

Orazbek ya ɗare bayan tarakta da cokalin ɗibar ciyawa, ba tare da an roƙe shi ba. Kafin rana ta faɗi suka dawo da kaya niƙi-niƙi. Kulyash ta tsaya a bakin garke tana kallon tumakin da suka rage suna ci. Karo na farko a makon nan, gidan ya yi tsit.

Darasi: Kafin ka yanke wani alheri da ka tarar ana yi, tsaya ka bincika, don sau da yawa wanda kake ganin kai ke ɗauke da shi, shi ne ke riƙe da kai ba ka sani ba. Kada ka raina maƙwabci, kada kuma ka ji kunyar komawa ka gyara in ka gane kuskurenka. Ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta wannan labari, wataƙila akwai mai shirin rufe wata ƙofa da zai buƙata gobe.