Sajen da Ya Ƙi Yin Maganar Gida

Akwai wani tsohon soja da kowa ke kira Saje, har matarsa. Shekara ashirin da takwas ya yi cikin kaki, kuma ranar da ya tuɓe kakin bai tuɓe bakin ba.

A gidansa ba a tashi da safe, sai dai a "fito farati". In 'yarsa Auta ta yi jinkirin kawo masa ruwa, sai ya ce zai jefa ta gabarum, wato ɗakin da ake kulle sojan da ya yi laifi. Mu kuwa da ba mu taɓa riƙe bindiga ba sunanmu farar hula, kuma yadda yake furta kalmar sai ka rantse wata cuta ce.

Kada ku ɗauka mugu ne. Shekara biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da matarsa, kuma shi ke juya ta, shi ke yi mata wanka, shi ke ba ta abinci a baki. Da hannunsa ya kwaɓa siminti ya yi gangara a ƙofar ɗakinsu na bariki, don kekenta ya riƙa sauka ba tare da ta jijjigu ba. Zuciyarsa lafiya lau take. Girman kai ne kawai ya zauna masa a harshe.

Wata huɗu bayan ya yi ritaya, takarda ta iso. An ba shi kwana talatin ya bar gidan, domin an rubuta shi ga wani sajen da ke bakin aiki. Saje ba shi da fili, ba shi da gini, ga mace da ba ta iya tashi zaune da kanta.

Auta ce ta gano mafita. Wata masana'antar barguna tana neman shugaban masu gadi, kuma aikin yana tare da gida a cikin harabar, ba bene, ba matakala, taku kaɗan daga asibitin ma'aikata. Kai ka ce don mahaifiyarta aka gina shi.

Ana gobe za a yi ganawar ɗaukar aikin, Auta ta zauna kusa da shi yana goge takalmi.

"Baba, don Allah ka saurare ni. Mutanen nan ba sojoji ba ne. In suka tambaye ka, ka yi musu maganar gida, irin wadda kake yi wa Umma in kana ba ta magani."

"Ke za ki koya min magana?"

"A'a, Baba. Amma ka ba su labarin matar baro. Wallahi shi kaɗai ya isa."

Saje ya ajiye burushin.

Ga labarin matar baro. Shekaru da suka wuce an yi rikici, aka sa dokar hana fita dare da rana, aka ajiye Saje da yaransa a wani shinge da umarnin kada ko kaza ta wuce. Da tsakar rana sai ga wani mutum yana turo matarsa a baro, naƙuda ta kama ta, jini har ƙasa. Saje ya ɗaga shingen, ya sa ta a motar sintiri, ya kai ta asibiti da kansa. Ta rayu, jaririn ya rayu. Shi kuwa ya kwana goma sha huɗu a gabarum saboda karya umarni, kuma daga nan ƙarin girma ya yi masa nisa. Shi ya sa ya shiga ritaya yana Saje.

"Wannan shi ne baƙin tabon da ke takardata," in ji shi. "Soja ba ya zuwa gaban farar hula ya ce ya karya oda. Kada ki sake ɗago min shi."

Daga kan gado matarsa ta yi ƙoƙarin magana. Bakinta ya karkace, kalmomin suna fita da ƙyar.

"Saje, ka ji ta."

"Ke huta. Na tsaya gaban kanar-kanar, ina ga masu saƙa bargo?"

Washegari ya isa masana'antar tun kafin a buɗe ofis. A kan bencin jira ya tarar da Kofur, wani da ya yi aiki a ƙarƙashinsa shekara tara, aka sallame shi bayan harsashi ya lalata masa gwiwa. Kofur ya miƙe da ƙyar ya gaishe shi. Shi ma aikin ya zo nema.

Saje ya lura da yadda Kofur ke gaisa da masu shara, yana tambayar mai kawo shayi lafiyar iyali. Ya taɓe baki.

"Kofur, ashe ka lalace haka? Dubi yadda kake magana kamar mai tallan atamfa. Ka koma farar hula sak."

Kofur ya yi murmushi. "Sa, ai in kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take."

"Kiɗan soja ba ya canzawa."

Aka fara kiran Saje.

Mutum uku ne a bayan tebur: manajan masana'antar, wani dattijo mai wakiltar ma'aikata, da wata mata mai tabarau, wadda ita ce shugabar sashen ɗaukar ma'aikata. Saje ya buga ƙafa har kofin ruwan da ke kan teburin ya motsa, ya ƙame, ya sara musu.

"Sannu da zuwa, Baba. Bismillah, zauna," in ji matar.

"Ba a ba ni oda ba, madam!"

Ta dubi abokan aikinta, ta ce cikin ladabi, "To, na ba ka."

Ya zauna a bakin kujera, ƙirji a gaba. Ta ce ya gaya musu ko shi wane ne. Sai ya zubo lambarsa ta soja, da lambar bataliyarsa, da sunayen kwasa-kwasan da ya yi, duk a gajerun haruffan da sai ɗan bariki ke ganewa. Ya ce ya riƙe "seshin", ya yi "kiliyarans", ya yi "eskot". Manajan ya ɗaga alƙalami zai rubuta, ya rasa abin da zai rubuta, ya mayar ya ajiye.

"Baba, ka yi haƙuri, ba mu gane ba," in ji matar. "Mutum nawa ka kula da su? In biyu suka yi faɗa, yaya kake sasanta su? Faɗa mana yadda za ka faɗa wa maƙwabcinka."

Ita fa ƙofa ta buɗe masa. Wannan mutumin ya kula da mutum talatin, ya san sunan matar kowa da ɗan kowa, ya taɓa goya wani sojansa da aka harba tafiyar wuni guda. Duk wannan yana cikinsa. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne:

"Wanda bai sha ranar farati ba, ba zai gane ba, madam. Aikin maza ne."

Dattijon ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Ɗan'uwa, bari in yi maka tambaya ɗaya. Dokarmu ita ce ba mai shiga sai da katin shaida. To ga wani ya zo ƙofa a guje, ba kati. Ya ce matarsa tana aiki a ciki, ɗansu ya faɗi a gida yana suma, wayarta a kashe. Me za ka yi?"

"Ba fas, ba shiga. Oda oda ce."

"In ya nace fa? Uba ne, hankalinsa a tashe."

"In ya matsa, in sa shi tsallen kwaɗo har ya dawo hayyacinsa. Farar hula ba sa jin magana sai da horo."

Matar ta cire tabarau ta dube shi da kyau. Ta ga furfurarsa, kuma ina jin ta so ta taimake shi.

"Baba, mata ɗari huɗu ke aiki a nan, yawancinsu uwaye. Ajiye sojan a waje minti ɗaya. Kai, a matsayinka na miji kuma uba, me za ka yi?"

A wannan lokacin Saje ya ga baron nan a idonsa, ya ga jinin a kan kwalta, ya ji muryar Auta. Maganar ta taso har maƙogwaronsa. Sai ya tuna cewa farar hula ne a gabansa, kuma ɗaya daga cikinsu mace ce. Ya haɗiye.

"Oda oda ce, madam."

"Mun gode, Baba. Za ka ji daga gare mu."

Bai ji daga gare su ba.

Ranar da kwana talatin suka cika, da hantsi, sojoji huɗu suka tsaya a ƙofarsa da takarda. Suka fara fitar da kaya: katifa, akwatin ƙarfe, tukwane, hotonsa na ranar da ya gama horo. Auta ta turo keken mahaifiyarta ta gangarar simintin nan, ta tsayar da ita a rana domin babu inuwa a layin.

Saje ya matsa kusa da wanda ke riƙe da takardar. A karon farko cikin shekaru, ya yi wa wanda ba matarsa ba magana irin ta mutane.

"Ɗana, dubi matata. Ba ta iya zama, ba mu da inda za mu. Kwana uku kawai nake roƙo. Ka dubi Allah."

Sojan ya ƙame, ya sara masa, idonsa yana kallon sama.

"Oda oda ce, sa."

Saje ya tsaya kamar an dasa shi. Ya san wannan muryar. Shi ya koya wa ɗaruruwa irinta.

Suna nan cikin rana sai ga motar masana'antar barguna ta shigo layin. Kofur ya sauko yana ɗingishi, sanye da rigar shugaban masu gadi. Ya durƙusa ya gaida matar Saje, sannan ya juyo.

"Sa, sai jiya na ji halin da ake ciki. Wallahi da na san gidan kake nema, da ban shiga ɗakin nan ba."

"Me ka faɗa musu?" in ji Saje, muryarsa a dushe.

Kofur ya sunkuyar da kai.

"Tambayar da suka yi maka suka yi min. Na ce zan riƙe mutumin a ƙofa, in aika a kira matarsa da gudu, in nemi motar kamfani ta kai su. Suka ce wa ya koya min haka. Sai na ba su labarin matar baro. Na ce ina tsaye a shingen ranar, na ga Sajena ya ɗaga shi da hannunsa."

Auta ta toshe baki.

"Madam ta ce ina ma irin wannan mutumin ne ya zo neman aikin. Na ce ai shi ne ya fita yanzu. Daga baya ta ce, abin da ya faɗa da bakinsa suka rubuta, kuma ba za su iya ɗora mata ɗari huɗu a kan labarin da mai shi ya ƙi bayarwa ba."

Matar Saje ta ɗago hannunta mai lafiya ta kama gefen rigarsa. Hawaye na bin gefen bakinta da ya karkace.

"Da ka faɗa musu kawai."



Kofur yana da mata da 'ya'ya biyar, gidan ya cika. Abin da ya rage shi ne ɗakin ajiya a baya, mai ƙaramar taga da matakala uku. Nan ya share musu, kuma Saje ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Daina ce min sa. Na gode, ƙanena."

Kullum da safe Saje ke ɗaukar matarsa a hannu ya sauko da ita matakalan nan ta sha iska. Ɗakin yana da danshi, ga sanyin siminti. Tari ya kama ta, ya sauka ƙirji. Wata biyu da kwana tara ta yi a wurin, ta rasu yana riƙe da kanta.

Yanzu in ka bi ta ƙofar masana'antar da yamma, za ka ga wani tsoho a kan benci kusa da ɗakin masu gadi. Ba ya sara wa kowa. In ka zauna kusa da shi zai tambaye ka lafiyar iyali, sannan ya ba ka labarin wata mata da aka turo a baro. Yana ba da shi tiryan-tiryan, da maganar gida, yadda ko yaro zai gane. Ma'aikatan duk sun haddace shi. Sai dai matarsa, wadda ta so ya faɗa, ba ta nan.

Darasi: Maganar bariki ta bariki ce. In ka je gaban masu ɗaukar aiki, ka yi musu maganar da za su gane, domin ba za su iya buɗe ƙirjinka su ga alherin da ke ciki ba, abin da bakinka ya faɗa shi za su rubuta. Sauke harshe ba ya rage wa kowa daraja, amma girman kai yana iya raba mutum da rufin asirinsa. In kana da uba, yaya ko aboki da ya ajiye kaki yana neman aiki, tura masa wannan kafin ranar ganawarsa, kuma ku yaɗa shi don wasu su amfana.