Burtalin da Malam Sharfaddeen Ya Ƙi Dasawa

Akwai wani manomi a Toranke, Malam Sharfaddeen, mutum ne mai sanyin hali wanda bai iya gardama ba.

Wata shekara wani kamfani ya kawo shirin dashen itatuwa. Aka ce itace na shanye hayaƙin da masana'antu ke fitarwa, don haka za a riƙa biyan manomi gwargwadon itatuwansa da suka rayu. Wanda dashensa ya mutu kuwa, a cire shi daga shirin.

Tsakanin gonarsa da ta maƙwabcinsa Musbahu akwai tsohon burtali, hanyar da shanun Fulani ke bi zuwa mashaya tun zamanin kakanni. Da masu awo suka zo, suka raba burtalin biyu, suka ce kowa ya dasa rabinsa.

Musbahu bai ɓata lokaci ba. Ya cike nasa rabin da dashe, ya zagaye da ƙaya.

Malam Sharfaddeen kuwa ya yi dashe a cikin gonarsa kawai, ya bar nasa rabin yadda yake.

"Malam, wai kai kuɗi ne ba ka so?" in ji Musbahu yana dariya.

"Ina so mana. To shanun ta ina za su bi su sha ruwa?"

"Su tashi sama."

A gida ma matarsa Barira sai da ta yi ƙorafi. Shi kansa abin ya ci masa rai, don duk ranar da aka zo duba dashe, na Musbahu ake yabawa. Amma bai dasa ba.

Shanu suka koma bin ɗan rabin nan safe da yamma, har suka tattake shi fes, ko tsinken ciyawa babu.

Ana cikin rani, wata rana da azahar, masu farautar gafiya suka cinna wa daji wuta. Ta bi busasshiyar ciyawa ta shiga gonar Musbahu, ta cinye dashen har da ƙayar.

Malam Sharfaddeen ya iso a guje, ya riga ya sallama wahalarsa ta shekaru. Sai ya tarar wutar ta iso bakin hanyar shanu ta rasa abin ci. Ardo, shugaban makiyayan, da mutanensa sun jeru da ɗanyen ganye suna kashe duk tartsatsin da ya tsallako.

Malam ya shiga yi musu godiya, har da hawaye.

Ardo ya ce, "Malam, daina gode mana. Da ka dasa nan, da mu ma ba mu da wurin tsayawa."

Da damina ta faɗi, Malam Sharfaddeen ya ɗibi irin dashe daga nasa ya kai wa Musbahu, ya taya shi sake dasawa. Da suka iso bakin burtali, Musbahu ya ajiye fartanya.

"Malam, nan dai a bar wa shanu."

Darasi: Kada neman riba ya sa ka toshe wa wani hanyar rayuwarsa. Hanyar da ka bar wa wani don Allah, wata rana ita za ta kare ka. Ku tura wa 'yan uwa manoma da makiyaya su ma su karanta.