Murar da Dakta Ya Ɓoye

Kowa a unguwa Dakta yake ce masa, ko da yake ba likita ba ne. Shekara talatin ya yi yana sayar da magani a shagonsa, kafin ya miƙa wa babban ɗansa makulli ya huta. Mutum ne mai kyauta da son jama'a, amma yana da aibi guda: ba a gaya masa. A ganinsa, duk wata doka don waɗanda ba su san komai ba aka kafa ta.

Tun yana saurayi yake da burin ganin gwaggon biri a cikin dajinsa, ba a keji ba. Da ya ajiye aiki sai ya duƙufa da shiri. Teburin falo ya cika da taswira da takardu, har matarsa ta rasa inda za ta ajiye faranti. Ya tsara kwana ɗaya na hawan dutse zuwa wurin birai, kwana huɗu kuma na kallon giwa da zaki da ɓauna a gandun daji. Takardar izinin ganin biran ce ta ba shi wahala, domin mutum takwas kaɗai ake bari a rana. Wata bakwai ya yi yana jira kafin ta fito.

Ana jibi hawan dutse, suna masauki shi da matarsa, mura ta kama shi, har da zazzaɓi. Ta tuna masa abin da ke rubuce a bayan takardar, cewa marar lafiya ba ya zuwa kusa da biran. Ya yi dariya, ya ce shi da ya tsufa a cikin magani ba za a koya masa mura ba. Da safiyar ranar hawan ya haɗiyi ƙwayoyin da ya san za su sauke zafin jiki su tsayar da majina na 'yan awoyi.

"Baban yara, ka ji tsoron Allah," in ji ta. "Ka gaya musu gaskiya."

"Ki bar ni da sana'ata," ya ce.

A gindin dutse jagoransu ya tara su. Wani siririn mutum ne mai sanyin magana, ana ce masa Dogo. Ya bayyana musu cewa biran nan suna ɗaukar cutar mutane, kuma murar da ke barin mutum a mako guda tana iya kashe su. Ya ce duk wanda ba ya jin daɗi ya faɗa, za a nema masa wata rana. Dakta ya san wata ranar tana iya zama baɗi. Aka gwada zafin jikinsa, aka ga lafiya lau, ya ɗaura takunkumin rufe hanci da baki ya shige gaba.

Awa uku suka yi suna hawa cikin taɓo da sarƙaƙiya kafin su iske biran. Babban namijin na kishingiɗe yana cin ganye. Can gefe wata uwa na zaune, ɗanta na wasa a kafaɗarta. Dakta ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Yayin da Dogo ya juya yana taimakon wata mata da ta zame, sai ya matsa kusa fiye da ƙa'ida, ya sauke takunkumi don fuskarsa ta fito a hoto. Ɗan birin ya rarrafo har kusa da ƙafarsa. A nan ƙarfin magani ya ƙare. Dakta ya yi atishawa sau biyu.

Sauran tafiyar ta yi daɗi. Sun ga garken giwaye na tsallake kogi, sun ga zaki a kan nama. Ya dawo gida ya watsa hoton nan a waya, abokai suna ta yaba masa.

Bayan mako uku saƙo ya zo daga hukumar dajin. Tari ya shiga cikin biran, shida sun kwanta, ɗan ƙaramin ya mutu. An rufe hanyar dutsen, masu ɗaukar kaya da masu masauki duk sun zauna babu aiki. Hoton Dakta ne ya zama shaida, kuma da shi aka kori Dogo, wai ya bar baƙo ya karya doka a gabansa.

Kwana biyu Dakta yana juya lambar Dogo kafin ya kira. Ya yi ta ba da haƙuri, ya ce zai rubuta wa hukuma cewa laifinsa ne shi kaɗai. Dogo ya saurara har ya gama.

"Baba, rubuta, na gode," ya ce a hankali. "Amma ba aikin ne ya fi damuna ba. Shekara goma sha huɗu ina bin uwar nan. Kwana huɗu ta yi tana yawo da gawar ɗanta a ƙirjinta, tana ba shi nono."

Dogo ya yi masa sallama ya kashe wayar.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ilimin da aka yi amfani da shi wajen ɓoye gaskiya ya fi jahilci ɓarna. Dokar da kake gani ta tsare maka hanya, sau da yawa wani mai rauni take karewa, wanda ba shi da bakin da zai roƙe ka. Idan jin daɗinka na awa ɗaya sai da ƙarya zai samu, ka haƙura da shi, domin ba kai ne za ka fara ɗanɗana kuɗarsa ba.