Gemun Bunsuru da Fatar Wanzami

Dalilin da ya sa kuke ganin Bunsuru da ɗan gemu a haɓa, kumatu kuwa fayau, ba ado ba ne ya zaɓa wa kansa. Aski aka fara masa ba a gama ba. Ku matso kusa, ku bar tsungulin juna, in gaya muku.

A da can, lokacin da dabbobi ke zuwa aski kamar mutane, Bunsuru ƙasumba gare shi tun daga kunne har wuya, ido kaɗai ake gani. Yana neman auren Akuya, ita kuwa ta gaya masa ƙiri-ƙiri ba za ta auri wanda ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. In da gaske yake, ya je a aske shi tas, ya zo gaban iyayenta ranar kasuwa kafin la'asar. In ya wuce haka, akwai masu jira.

Ranar kasuwa sai ga shi a gindin ceɗiyar Cindo wanzami. Cindo yana da wata doguwar fata rataye a reshe, ta sha mai da gumin hannu har ta yi baƙi tana sheƙi. Da zarar aska ta fara jan gashi, sai ya kama bakin fatar ya miƙe ta, ya goga askar gaba da baya, shaf-shaf. Yakan ce dutse ne ke fito da kaifi, amma fata ce ke kwantar da shi.

Bunsuru ya tarar ana yi wa Kada ƙaho a baya, sai ya tsaya jira. Sa da Rago suka zo suka tsaya bayansa suna ta hirar damina. Jira ya yi tsawo. Bunsuru ya sunsuni fatar nan, ya ji ƙanshin gishiri. Ya ce bari ya ɗan lasa. Kun san halinsa, ai irin naku ne in an ajiye ƙuli-ƙuli. Daga lasa sai tauna, daga tauna sai haɗiya. Kafin Cindo ya ɗago kai, reshe ya zama wayam.

Aka zo kansa. Cindo ya shafa masa sabulu, ya kwashe kumatun dama, ya kwashe na hagu, fuska ta fara fitowa. Da aka iso haɓa sai aska ta ja, Bunsuru ya yi ƙara. Cindo ya miƙa hannu reshe, ya damƙo iska. Ya duba ƙasa, ya zazzage zabirarsa, ya tambayi kowa. Bunsuru ya ce shi dai ya ga wata shirwa tana shawagi ɗazu.

Cindo ya ce to aski ya tsaya, don shi ba ya kai dakusasshiyar aska kusa da maƙogwaron kowa. Sai an samo fata. Ga rana kuwa ta fara karkata.

Sa ya ruga gida ya ɗauko ƙirgin kakansa. Cindo ya ƙwanƙwasa shi, ya ji kamar ƙofa, ga tamoji ko'ina, ya ce wannan sai dai a yi takalmi. Rago ya kawo buzu. Aka gwada, aska ta nutse cikin laushi, ta fito ta fi da dakushewa. Kada ya juya baya ya ce a gwada a jikinsa, kyauta. Cindo ya shafa ƙuraje-ƙurajen nan, ya yi masa godiya, ya ce aska ɗaya ya mallaka.

Da Bunsuru ya yi shiru, da ƙila an aika majema an samo wata. Amma ga gaggawa, ga son a yabe shi. Ya miƙe, rabin fuska da kumfa, ya ce, "Ku dai ba ku san fata ba. Wannan tauri, wancan laushi, wancan kamar hanyar dutse. Malam Cindo, taɓa nan ka ji. Sumul, a ɗame, ba tauri ba laushi. Duk garin nan babu irin tamu."

Cindo ya bi bayan Bunsuru da yatsa, ya matsa, ya ja. Sai ya ɗora aska a kai, shaf-shaf. Ya gwada a gashin hannunsa, gashi ya zube kamar bai taɓa tsirowa ba. Ya ce lallai gaskiyarsa, tunda yake bai taɓa jin fata mai karɓar aska haka ba.

Bunsuru ya kumbura don daɗi, ya ɗaga haɓa a ƙarasa masa. Cindo ya riƙe haɓar, baki ya ɗan buɗe. Sai ga wata 'yar igiya maƙale a haƙoransa. Cindo ya jawo ta a hankali, ya duba, ya gane ƙullin hannunsa, wanda yake rataye fatar da shi.

"Malam Bunsuru," in ji shi, "ashe shirwar nan a cikinka ta yi sheƙa."

Kada ya yi dariya har ƙahon bayansa ya faɗo. Cindo bai yi fushi ba. Ya ce abu mai sauƙi ne, wanda ya ci fata ya biya da fata. Ba da yawa yake so ba, faɗin tafin hannu kawai, daga wuya zuwa wutsiya. Ya fara aunawa da askar nan mai sabon kaifi.

Bunsuru bai tsaya sallama ba. Ya tsallake Rago, ya bi ta ƙarƙashin Sa, ya kifar da ƙwaryar sabulu, bai tsaya ba sai ƙofar gidan su Akuya, ana dab da kiran la'asar. Akuya ta fito ta dube shi sama da ƙasa. Kumatu tas, haɓa kuwa ga tuntu yana reto. Ta yi dariya har ta zauna. Uwarta ta ce ai ba a cika sharaɗi ba, a mayar da shi wurin wanzami. Bunsuru ya fara ja da baya.

"Inna, ƙyale shi," in ji Akuya. "Na ga fuska, ta ishe ni. Wannan da ya rage kuwa a bar mini, in ya shiga gonar mutane in sami abin jawo shi."

Shi ya sa har yau Bunsuru ke yawo da askin da ba a gama ba, 'ya'yansa suka gada, har da wasu cikin matan. Wanzami kuwa, duk inda ya ga fata sai ya bi ta da yatsa, yana neman irin ta Bunsuru. In kuma kun ga wanzami ya shigo gidan nan ya buɗe zabira, ku leƙa bayan rumbu. Can za ku tarar da Bunsuru, ya manna bayansa da bango.