Tunau Maharbi da Takalman Fatar Tambari

A can zamanin da, tun giwa na shan ruwa a inda kasuwanni ke ci yanzu, an yi wani maharbi a ƙasar Tsaure mai suna Tunau. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ga son dariya. Tsofaffi sun ce idan ya lafe a dawa sai ya koma suri, har gara ta fara gini a kansa. Maroƙa na yi masa kirari: "Tunau na Tababa, gagara-dawa, mai sa ɓauna ta manta hanyar gidansu!" Tababa matarsa ce, ita kaɗai aka taɓa ji ta ce masa ya yi shiru kuma ya yi.

A zamaninsa ne Sarkin Tsaure ya ɗaura yaƙi da Zarwa, wani birni da ke kan tsibiri a tsakiyar Babban Ruwa. Wasu sun ce a kan gishiri ne, wasu sun ce wani ne ya yi wa jakada dariya. Aka tara mazaje aka ba Sarkin Yaƙi Barmo, aka sa Tunau shugaban 'yan baka.

To, mutanen Tsaure na da wasu al'adu da ba a wasa da su. Idan tambarin yaƙi ya fita daga birni, ba ya komowa sai an kaɗa shi a cikin ganuwar abokan gaba, kuma babu mayaƙin da zai rigaye shi zuwa gida. Sannan gonar wanda ya tafi yaƙi ba a sa mata fartanya sai ya dawo, don wai noma ta kamar binne mai ita ne da rai. Al'adun ba su taɓa damun kowa ba, domin yaƙin Tsaure na rani ne, kafin ruwan shuka an dawo.

Kayan faɗa kam suna da su: tsani masu tsawo na hawa ganuwa, garkuwar fatar ɓauna, kibau masu dafi, gatura na sare ƙofa. Abu ɗaya ne ba su da shi, wato jirgi. Mutumin Tsaure ko a rafi ya ga ruwa ya kai gwiwa sai ya fara kiran sunan uwarsa. Don haka aka ƙulla amana da Gwadabe Sarkin Jirgi, shugaban wasu masu fito da ke bakin ruwan. Shi ya kwashe rundunar ya zube ta a wani tudun yashi da ke fuskantar Zarwa, ruwa gaba ruwa baya.

Ranar farmakin farko aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Ganuwar Zarwa daga cikin ruwa ta tashi, ba ƙasar da za a kafa tsani, sai a cikin jirgi. Mazaje suka hau, sun kai rabi, mutanen Zarwa suka fara sako duwatsu. Masu jirgi kuwa da jin dutse ya faɗa kusa sai suka ja baya, tsani da mutanen da ke kai suka zube a ruwa. Waɗanda aka tsamo, garkuwarsu ta jiƙe ta yi laushi kamar ganda. Da yawa ba a tsamo su ba.

Gwadabe ya zo ta'aziyya har da hawaye. Ya ce laifin na Mai Ruwa ne, aljanin kogin, ba a ba shi baƙin sa ba. Barmo ya ba da sa. Da aka sake shiri, ya ce wannan karon fari yake so. Haka aka yi ta yi. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, har masu lissafi suka gaji suka bari. Tunau dai ya lura da abu biyu: tumbin Gwadabe na ta gaba, kuma jiragen da ke kawo musu hatsi da safe su ne ke zagayawa bayan Zarwa da yamma, a loɗe.

Wata rana aka kawo ƙarin mayaƙa daga gida. Tunau ya je tarya, sai ya ga duk masu furfura ne. A cikinsu har da kawunsa Arzika, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, ya rungume mashi kamar sandar dogarawa.

"Kawu! Kai kuma me ka zo yi? Tauna musu ganuwar za ka yi?"

"Rufe mini baki, ɗan nema," in ji tsohon. "Mu muka rage. Gonarka ta zama kurmi, kura ta haihu a ciki. Tababa da sauran mata gidan tururuwa suke tonawa su samo tsaba. Irin shuka kaɗai suka ɓoye, shi ma bana in ba a shuka ba, cinye shi za a yi."

Dariyar Tunau ta ɗauke. Ya ɗaga kai ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya tafi wurin Barmo.

"Ranka ya daɗe, mu tafi gida."

"Ka sha wani abu ne? Tambari bai shiga Zarwa ba."

"Ba zai shiga ba ko jikokinmu sun gaje mu. Mai kai mu yaƙin shi ke ciyar da waɗanda muke yaƙa."

"Rantsuwa fa? Sarki ya rantse sai ya shiga."

"Wanda ya rantse yana can a inuwa ana yi masa fifita. Ya zo ya cika abarsa."

Barmo ya ce duk wanda ya ƙara wannan magana zai sha takobi. Tunau bai ƙara ba. Ya bi mazaje ɗaya bayan ɗaya, abin da kawai yake tambayar kowa shi ne wa ya bari a gida. Sannan ya aika wa Gwadabe cewa an yi mafarki, Mai Ruwa na son duk takarkaran da suka rage a yanka su rana guda, kuma kowane mai jirgi sai ya ci da bakinsa.

Ba wanda ya yi fashi. Da hantsi jirage suka cika bakin yashin, har da guragu aka ɗauko. Aka baza nama can tsakiyar tudu, nesa da ruwa. Gwadabe ya zauna ya kama cinya da hannu biyu. Sai da maiƙo ya kai musu gwiwar hannu, Tunau ya yi fito irin na maharba, rundunar Tsaure ta kwasa a guje ta faɗa jirage.

Nan fa aka yi abin kunya. Manoma ne, kowa ya riƙe filafili kamar fartanya yana saran ruwa ta inda ya ga dama. Jirage suka yi ta juyawa wuri ɗaya. Mutanen Zarwa suka cika kan ganuwa suna riƙe ciki. Masu jirgi kuma sun yar da nama sun taso da sanduna.

Tunau ya dubi Nomau makaɗi, wanda ke rungume da tambarin yaƙi.

"Nomau, kaɗa mana kiɗan noma!"

"A kan tambari? Hannuna zai shanye!"

"In ya shanye na ba ka nawa. Kaɗa!"

Nomau ya runtse ido ya sake shi. Da jin kiɗan gayya, jikin mazaje ya tuna abin da ya sani. Suka sunkuya tare, suka sara tare, suka ɗago tare, kamar an jera su a kunyar gona. Jirage suka miƙe. Barmo da ya tsaya yana zagi ya waiga ya ga masu sanduna, sai ga shi cikin ruwa har wuya yana kiran a tsaya, aka jawo shi ta ɗamarar layunsa. Gwadabe na ihu daga kan yashi: "Amana, Tunau! Amana!" Tunau ya ce: "Ka tambayi Mai Ruwa wane launi yake so, ya fito da kai!" Wani daga ganuwar Zarwa ya ɗaga murya ya ce su gaida gida.

Da suka taka ƙasa, takalman kowa sun ruɓe da laima, hanya kuma ƙaya ce. Tunau ya zare wuƙa ya farke tambarin. Aka tsaya ana jiran aradu, aradu ba ta faɗo ba. Ya yanka fatar ya fara raba takalma, an ce tana ta miƙewa har sai da kowa ya samu.

Labari ya riga su isa. Sarki ya sa aka rufe ƙofar birni, aka yi shela daga kan ganuwa cewa yaƙi bai ƙare ba, saboda haka su ba su dawo ba, gonakinsu kuma haram. Tunau ya tsaya a gindin ƙofar ya ce: "A gaya wa Sarki ya riƙe kurminsa. Dajin da ba a taɓa nomawa ba, wa ya rantse a kansa?"

Sai aka ji hayaniya daga ciki. Tababa ce a gaban mata, kowace da tulun iri a ka da fartanya a kafaɗa. Ta dubi mai gadin ƙofa ta ce: "Kai da na yi wa uwarka wankan jego, buɗe ko in faɗi abin da na gani." Ya buɗe. Ta ƙare wa mijinta kallo ta ce: "Ka rame, ka yi muni. Karɓi tulun nan."

Suka nausa kudu zuwa wani kwari da Tunau ya sani tun yana farauta. Suka sare, suka ƙone, ruwan shuka ya same su da iri a hannu. Garin da suka kafa suka sa masa suna Mundawo, don Sarki ya riƙa ji kullum.

Bayan kaka, da rumbuna suka cika, sai ga jakadan Sarki. Ya ce an yafe musu, an ɗinka sabon tambari, a ba da mazaje a koma Zarwa. Tunau ya sa aka ba shi fura ya sha ya ƙoshi. Sannan ya tuɓe takalmansa na fatar tambari ya ajiye a gaban jakadan.

"Kai wa Sarki. Sun san hanya. Ya sa su ya shige gaba, duk inda ya taka za mu taka."

Jakada ya dubi takalman, ya dubi mazajen da suka kewaye shi, ya hau dokinsa ya bar su a nan.

Har yau a Mundawo, duk wanda ya zo yana zuga mutane su tafi faɗa a wata ƙasa, ba a musu da shi. A ba shi fura, sannan wata tsohuwa ta fito da takalman fata ta ajiye a gabansa, jama'a su zuba masa ido. An ce manya da yawa sun zo sun sha furar, amma ba a taɓa samun wanda ya zura ƙafa ba.